Tayar motsa ciki da na saya: wata takwas tana gidana, ga abin da na gani

Ni tela ne a Fagge, shekarata 46, kuma na fi shekara ashirin ina kan keke. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san abin da goman ƙarshe na azumi ke yi wa kwankwason mutum. A sha ruwa, a yi asham, a dawo shago, ba a tashi sai lokacin sahur. A bara, ana saura kwana uku sallah, na sunkuya zan ɗauko shaddar wani kwastoma daga ƙarƙashin teburin yanka, sai na ji kamar an soka min allura a ƙasan baya, ɓangaren dama. Na kasa miƙewa. Yarana biyu ne suka kama ni suka zaunar a benci. Sallar idi a zaune na yi ta.

Wannan ne ya kai ni sayen tayar da zan yi magana a kanta. Na daɗe ina ganin tallarta a Facebook da TikTok: taya ƙarama, faɗinta bai wuce na farantin cin abinci ba, da sandar ƙarfe ta ratsa tsakiyarta, mutum ya durƙusa ya riƙe sandar da hannu biyu ya tura gaba ya janyo baya. Bayan sallah da mako guda na shiga kasuwar Sabon Gari, wajen masu sayar da ƙwallo da rigunan wasa, na samu iri uku. Akwai mai taya ɗaya siririya, akwai mai taya biyu a haɗe, akwai kuma wata babba mai sifirin a ciki wadda ke janyo kanta da kanta idan an tura. Na ɗauki mai taya biyu a kan naira dubu tara, bayan ciniki. Mai shagon ya ce min, "Alhaji, sati biyu kawai, tumbin nan zai tafi, ciwon bayan ma ka manta da shi." Maganarsa ta shige ni, domin abin da nake son ji ke nan.

A cikin kwalin akwai tayoyi biyu na roba mai tauri, sandar ƙarfe, hannuwa biyu masu soso, da wani ɗan falle na sa gwiwa. Haɗa ta bai ɗauke ni minti biyu ba. Takardar bayani kuwa hoto uku ne kawai, babu ko kalma ɗaya da ta ce wane ne bai kamata ya yi amfani da ita ba. Wannan shi ne babban aibinta, ya fi duk sauran da zan faɗa a gaba.

Da daren ranar na shimfiɗa fallen a kan tayil, na durƙusa, na tura. Turawa ta farko ta tafi lafiya har rabi. Daga nan tayar ta fi ƙarfina, ta zarce, cikina ya faɗo ƙasa, bayana ya lotsa kamar igiyar shanya da aka ɗora wa bargo jiƙaƙƙe. Zafin da ya kwanta kwana goma ya dawo a take. Washegari ban buɗe shago ba.

Allah ya sa ina da ɗan yayata da ya karanta aikin gashin ƙashi a Jami'ar Bayero. Maman yara ce ta kira shi ba da sanina ba. Da ya zo, bai taɓa tayar ba tukuna. Sai da ya yi min tambayoyi: ko zafin na sauka ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi ko mutuwa, ko fitsari da bayan gida na fita yadda suka saba, ko ina zazzaɓin dare ko rama ko tari. Ya ce idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, ba maganar motsa jiki ba ce, Asibitin Ƙashi na Dala za mu wuce a ranar, domin akwai ciwon bayan da jijiya ce aka danne, akwai kuma tarin fuka da ke kama ƙashin baya, kuma ana ganinsa a ƙasar nan. Alhamdu lillahi babu ko ɗaya. Sannan ya ɗauki tayar ya jujjuya ta, ya ce, "Kawu, kayan nan ba shi da laifi. Amma wannan aji shida ne, kai kuma ko aji ɗaya ba ka shiga ba."

Bayanin da ya yi min a wannan yammacin shi ne abin da ya fi amfanata, kuma shi nake so mai niyyar sayen tayar ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Ya ce ƙasusuwan kwankwaso guda biyar ne, a jere ɗaya kan ɗaya, kuma tsakanin haƙarƙari da ƙugu babu wani ƙashi da ke tallafa musu. Abin da ke riƙe da su tsokoki ne da suka kewaye wurin. Akwai ta gaba, wadda matasa ke so ta fito layi-layi. Akwai na kwiɓi, hagu da dama, da ke tafiya a karkace. Akwai wata can ciki da ta zagaye cikin mutum a kwance. Akwai ƙanana da ke manne da ƙashin bayan kansa. A sama akwai tantanin numfashi, a ƙasa akwai tsokokin mara. Da ya ga ina ɗan jinkirin ganewa, sai ya ɗauko wuyan wata kaftani da na zo da ita gida, ya ce, "Me kuke sawa a nan don ya tsaya?" Na ce sitif. Ya ce to su ne sitif ɗin jiki. Aikinsu na farko hana tsakiyar mutum lanƙwashewa lokacin da hannu da ƙafa ke aiki. Nan na fahimci abin da ya faru da ni: idan ka tura tayar gaba, nauyin jikinka duka yana jan kwankwaso ƙasa, tsokokin ciki ne kaɗai ke hana shi lotsawa. Nawa sun yi shekara ashirin a zaune ba su ɗauki komai ba.

Ya ɗauke tayar ya ɗora a kan wardirof, ya ce kada na taɓa ta sai ya ba ni izini. A madadinta ya koya min motsi uku da ba sa buƙatar komai sai darduma. Ya ce wani farfesa ne a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, Stuart McGill, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙashin baya, ya shahara da haɗa su wuri guda.

Na farko, ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, tafin hannuwanka a ƙarƙashin kwankwaso. Ka ɗaga kai da kafaɗu kaɗan, kamar dai a zura takarda a ƙarƙashinsu, ka riƙe daƙiƙa goma. Ba irin wanda muke gani sojoji na yi ba ne, a tashi zaune a koma. Na biyu, ka kishingiɗa a gefe a kan gwiwar hannu, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu daga ƙasa har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Na uku, ka yi kamar za ka yi rarrafe, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ka riƙe, sannan ka sauya. A nan ya ɗora min kofin silba da ruwa rabi a gadon baya, ya ce idan ya zube to ƙuguna ya karkace. Ranar farko sau huɗu yana zubewa. 'Yar autata Allah ya ba ta aikin riƙe tsumma, ita ke gogewa tana ƙirga min daƙiƙoƙin da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har goma. Har yau idan na shimfiɗa dardumar sai ta zo ta zauna a gefe.

Kowane motsi sau biyar, a huta, sau uku, a huta, sau ɗaya. Duka bai kai minti goma sha biyar ba. Ya ja kunnena a kan abu ɗaya: kada na riƙe numfashi, domin riƙe numfashi ana yunƙuri na sa jini ya hau, ni kuma ina da ɗan hawan jini da nake shan magani a kai. Na sa wa abin lokaci, bayan na dawo daga sallar asuba, kafin yara su tashi neman shayi. Ya kuma ce na riƙa taka ƙafa. Daga gidanmu zuwa shago tafiyar minti ashirin da biyar ce, da can a daidaita sahu nake hawa, sai na koma tafiya da ƙafa da safe.

Gaskiya makonni biyun farko ban ga komai ba, har na fara tunanin yaron nan ya raina ciwon nawa. Mutum na fama da baya a ce masa ya ɗaga kai kamar tsawon yatsa? Amma a mako na uku na lura da wani abu ƙarami: na sunkuya wanke ƙafa a alwala ban dafa bango ba. Ban ma san na daina dafawa ba sai da na miƙe. Bayan haka ruku'u ya daina ba ni tsoro. A mako na shida na sauke jarkar ruwa mai lita 25 daga kurar mai ruwa na shigar da ita kicin, na tsaya ina jiran zafin ya zo, bai zo ba.

Jarrabawa ta gaske ita ce ɗinkin babbar sallah. Aikin bai kai na ƙarama yawa ba, amma akwai dare uku da muka kwana. Bayana ya gaji, ba zan ce bai gaji ba. Amma gajiya ce irin wadda barci ke warkarwa. Na kuma bi shawararsa ta tashi tsaye duk bayan rabin awa ko da na minti ɗaya ne, sai na mayar da aikin guga hannuna maimakon na bar wa yara, don ya zama dalilin tashi.

Akwai abu biyu da na bari a wannan tsakanin. Na farko bel ɗin kwankwaso mai faɗi da na saya a kemis, wanda nake ɗaurawa tun safe har dare. Ɗan yayata ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a ƙarshen 2023 kan ciwon baya da ya daɗe, ta ba da shawarar motsa jiki, ta kuma ce kada a dogara da irin wannan bel. Na biyu diclofenac, maganin rage zafi, wanda mu teloli muke sha kamar gyaɗa a lokacin sallah. Yawan shansa na cin ciki ya kawo gyambo, yana kuma taɓa ƙoda, ga mai hawan jini kuma abin ya fi muni. Wannan na faɗe shi ne don 'yan uwana masu sana'a, domin na san akwai sachet a aljihun mutane da yawa da ke karanta wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aikinsu. Da na ji adadin na tuna layinmu kaɗai: masu keke, masu aikin surfani da ke duƙe a kan babbar riga wuni guda, masu guga. Da wuya ka sami wanda ya haura arba'in ba ya dafa ƙugu idan zai tashi.

Sai bayan wata biyu da rabi ya sauko min da tayar. Sharaɗinsa shi ne na iya riƙe jikina a miƙe a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa na daƙiƙa arba'in ba tare da bayan ya lotsa ba, kuma babu zafi. Yadda ya koya min ya bambanta da na bidiyon talla. Na durƙusa ina fuskantar bango, da 'yar tazara tsakanin tayar da bangon, yadda bangon zai tare ta kafin ta zarce. Kafin turawa na matse ciki kamar wanda ake shirin kai wa naushi, na matse ɗuwawu, sannan na tura a hankali ina fitar da numfashi. Sau biyar, a huta, sau biyar. Duk mako na ja baya da faɗin tafin hannu ɗaya. Yanzu ina yin sau takwas zagaye uku, kwana biyu a mako, har yanzu a durƙushe. Masu yi a tsaye da ake nunawa a waya, wannan ba nawa ba ne, kuma ba na nemansa.

A nan ne zan yaba mata. Motsin darduma ya kai wani matsayi da ya zama min sauƙi, jiki ya saba. Tayar ta ba ni matakin gaba ba tare da na je gidan motsa jiki na biya kuɗin wata ba. Tana aiki da ciki da kwiɓi da kafaɗa da damtse a lokaci guda, kuma wahalarta a hannunka take: ka matso kusa da bango ta yi sauƙi, ka ja baya ta yi tsanani. Ba ta cin wuri, ba ta son wuta, ba ta ƙara da za ta tashi mutanen gida da asuba. A ɗaki ciki da falo irin namu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai taya biyu kuma ta fi mai ɗaya tsayuwa, ba ta karkata gefe, shi ya sa nake ganin ita ta dace da mai farawa. Mai sifirin na gwada ta a gidan wani abokina, ban so ta ba, domin tana yi maka rabin aikin dawowa, ga tsada kusan ninki uku.

Ingancin ƙirar kuwa matsakaici ne. Sandar ƙarfen ba ta lanƙwashe ba, ni kuma kilo 88 ne lokacin da na fara. Tayoyin ba su tsage ba. Amma soson hannun dama ya fara zamewa a wata na uku, ya kuma yage daga baki. Na cire su duka biyun na naɗe sandar da ƙyallen yadi mai kauri, na ɗinke, ya fi na asalin riƙo, ba ya santsi idan hannu ya yi gumi. Fallen gwiwar ba shi da amfani, siriri ne kuma ƙarami, gwiwa ɗaya ce ke samun wuri. Tsohuwar darduma na ninka huɗu. A kan tayil tayar na gudu fiye da kima, a kan kafet ta fi jin magana, a kan siminti mai yashi kuma tana tsalle. Wanda zai saya ya haɗa ta a shagon, ya juya ya gani ko tayoyin na girgiɗi a kan sandar, domin a cikin ukun da aka fito min da su ɗaya na da wannan matsalar.

Saura maganar tumbi, wadda da ita ake sayar da kayan nan. Ba gaskiya ba ce. Tela ne ni, tef na wuyana, na auna kaina ranar da na fara: inci 41 a cibiya. Bayan wata biyu ina tayar, inci 40 da rabi. Ƙarfi ya ƙaru sosai, kitse na nan inda yake. Ɗan yayata ya ce an yi gwaji a Amurka a 2011, aka sa mutane motsin ciki kwana biyar a mako har mako shida ba tare da sauya abincinsu ba, juriyar tsokarsu ta ƙaru amma kitsen cikin bai ragu ba. Jiki ba ya ƙona kitsen wurin da ake motsawa shi kaɗai. Inci biyun da na rage daga baya, sai da na bar lemon kwalba da nake sha biyu a rana a shago, na rage sukarin shayi daga cokali huɗu zuwa ɗaya, na daina cin tuwo ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Abin da ke ɓata min rai shi ne mutane na saye don tumbi, su yi mako biyu ba su ga canji ba, su jefar, alhali amfanin gaske na wani wuri da ba a faɗa musu ba.

Maman yara ta so ta gwada, domin ita ma tana kukan baya tun haihuwar auta. Ɗan yayata ya ce a'a tukuna. Ya ce mata da yawa bayan haihuwa tsokar gaban cikinsu na rabuwa biyu a tsakiya, kuma irin wannan turawar na iya ƙara buɗe ta. Ya haɗa ta da wata abokiyar aikinsa mace da ta duba ta, ta ba ta nata motsin daban, na numfashi da na mara. Haka nan mai ciki, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ba da daɗewa ba, da mai ƙaba, da mai ciwon kafaɗa, da wanda bayansa ke cikin zafi a yanzu, duk ba tasu ba ce. Da an rubuta wannan a jikin kwalin, da ban yi asarar kwana uku a kwance ba.

Zan kuma faɗi abin da shi da kansa ya faɗa min, don kada na ba tayar ladan da ba nata ba. Ya ce bincike bai nuna motsin tsakiyar jiki ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba idan aka yi dogon zango. Abin da ke aiki shi ne wanda mutum zai iya ɗorewa a kai. Saboda haka ban san kason da zan ba tayar, da na darduma, da na tafiyar safe ba. Abin da na sani shi ne tsarin ukun a haɗe ya dawo min da bayana, kuma a cikinsu tayar ce kaɗai na biya kuɗi, ita ce kuma ta zo ƙarshe.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya saya, ina tambayarsa ko zai iya riƙe jikinsa a kan gwiwar hannu daƙiƙa arba'in bayansa a miƙe. Idan zai iya, dubu tara ba ta yi yawa ba, zan sake sayenta idan wannan ta lalace. Idan ba zai iya ba, ya ajiye kuɗinsa ya shimfiɗa darduma wata biyu tukuna. Babban yarona na shago, wanda bai kai talatin ba amma ya fara dafa ƙugu, ya roƙe ni aron tayar makon jiya. Na ce masa ya zo gida ranar Juma'a da safe, kafin mu buɗe, ya taho da kofin silba.